Me Ke Sa Hoton Cikin Ɗaki Ya Fito Dishi-dishi?

A wannan karo za mu ɗan jingine maganar makaranta da tarbiyyar yara, mu amsa wata tambaya da ta yi ta zo mana daga nan Poumpoumré, da Yelwa, da Lopéré, har ma daga wajen 'yan'uwanmu na Pitowa da Gidar. Tambayar kuwa ita ce: me ya sa kamara ko waya takan ɗauki hoto tangaran a tsakar gida, amma da an shiga ɗaki sai hoton ya fito dishi-dishi, kamar an zuba wa rubutun allo ruwa?

Wataƙila wani ya ce wannan ai ba abin ɓata tawada ba ne. To, a tsaya a duba. Sau ɗaya ake raɗa wa yaro suna, sau ɗaya ake saukar Alƙur'ani ta farko, kuma ranar da tsohuwa ta karɓi tattaɓa-kunnenta a cinya ba ta dawowa. Mu Hausawan Kamaru kuwa danginmu a warwatse suke, wasu a Yola da Mubi, wasu a Kano, wasu a Njamena, wasu a unguwar Briqueterie ta Yawunde ko New Bell ta Duwala. Da yawansu ba za su sami zuwa biki ba, hoton da aka tura musu shi ne rabonsu. Bayan haka akwai maganar kuɗi. Mutum yakan sayar da kamararsa da araha ya ci bashi ya sayi mai tsada, sa'an nan ya tarar tsugune ba ta ƙare ba. Wani kuma ya hana mai hoto ladansa, a yi ta ce-ce-ku-ce har a kai ga gaba. Alhali galibi na'urar lafiyarta ƙalau, an bar jaki ne ana dukan taiki. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haske.

Yadda kamara ke gani

Kimanin shekara dubu da ta wuce, malam Ibn al-Haisam, haifaffen Basra wanda ya zauna a Alƙahira, ya bayyana a littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana samuwa ne idan haske ya taso daga abu ya shiga ido. Ya kuma nuna cewa hasken da ya ratsa ƙaramar huda ya shiga ɗaki mai duhu yakan zana surar abin da ke waje a bango. Kamara ba ta wuce wannan ɗakin ba. Akwati ne mai duhu, da gilashi a gaba wanda za mu kira ido, da ƙyaure mai buɗewa ya rufe, da wani ɗan faranti a ciki mai karɓar haske. A da fim ne ke karɓa, a kai shago a wanke. Tun daga shekarar 1975 da injiniya Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kamarar dijital ta farko, farantin lantarki ya soma maye gurbin fim, amma dokar haske tana nan yadda take.

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Cika bokiti a famfo, in ruwa na zuwa da ƙarfi, nan da nan ne. In kuwa ɗigo yake yi, sai an daɗe a tsaye. Haka farantin kamara yake: dole ya sha haske daidai gwargwado kafin hoto ya cika. A rana ƙyauren yakan buɗe ya rufe kafin ƙiftawar ido. A ɗaki kuwa sai ya daɗe a buɗe yana jiran haske ya taru, kuma duk abin da ya motsa a cikin wannan jiran, hannun mai ɗauka ne ko kan wanda ake ɗauka, sai ya ja layi a kan farantin. Wannan jan layin shi ne dishi-dishin da muke gani.

Abin da ke ruɗar mu shi ne idonmu ya fi kamara wayo. Ka fito daga rana ka shiga zaure, da farko ba ka ganin kowa, bayan ɗan lokaci ido ya saba har ka ce ai da haske. Masana suna auna haske da wani ma'auni da ake kira luks. Tsakar rana takan kai luks 100,000. Inuwar dogon-yaro a bakin titi takan ba da wajen 10,000. Ɗakin zama mai ƙwan lantarki ɗaya kuwa sau da yawa bai wuce 50 ba. To, 'yan makaranta ku raba 10,000 da 50, za ku sami 200. Watau hoton da kamara za ta ɗauka a inuwa cikin kashi ɗaya bisa 1000 na sakan, in ba a canja komai ba, a ɗaki sai ta yi kashi ɗaya bisa 5 na sakan. Hannun ɗan Adam kuwa ba kasafai yake tsayawa cik fiye da kashi ɗaya bisa 60 ba. Ga kuma irin gininmu: saboda zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40 a nan Garwa, tagoginmu ƙanana ne, an kuma tare su da labule. Ɗakin da ya yi daɗin barcin rana shi ne ya fi ba kamara wuya.

Wannan matsala ta girmi kakanninmu. A shekarar 1838 Bafaranshen nan Louis Daguerre ya ɗauki hoton wani babban titi a birnin Paris, mai suna Boulevard du Temple. Titin cike yake da mutane da kekunan doki, amma a hoton sai ya fito wayam, domin na'urarsa ta yi mintoci a buɗe, duk mai tafiya ya ɓace. Wanda ya fito sosai shi ne wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi. Darasin da ke ciki shi ne, in haske ya yi kaɗan, mai natsuwa kaɗai hoto ke kamawa.

Ciwo iri uku

Likita ba ya ba da magani sai ya gane ciwo. Saboda haka kafin a taɓa komai, a buɗe hoton da ya lalace, a faɗaɗa shi da yatsu, a dube shi da kyau. Dishi-dishi iri uku ne, kowanne da alamarsa.

Na farko, rawar hannu. Alamarsa ita ce komai da komai ya ɓaci: mutum, da bango, da ƙofa, da kalandar da ke rataye, kuma duk sun ja gefe guda, har wani abu yakan fito biyu-biyu. Wannan daga mai ɗauka ne.

Na biyu, motsin wanda ake ɗauka. Alamarsa ita ce bango da kujera da tabarma sun fito sarai, amma hannun yaro ya zama hayaƙi, ko fuskar mai magana ta shafe. Nan mai ɗauka ya tsaya daidai, mutanen ne ba su tsaya ba.

Na uku, kuskuren saiti. Ido na kamara ba ya iya saita kusa da nesa gaba ɗaya, sai ya zaɓi wuri guda. Alamar wannan ita ce babu jan layi ko kaɗan, wani abu ya fito tsaf, amma ba shi ake nufi ba. Ɗakin amarya ya fi ko'ina jawo wannan. Kamara tana neman abu mai ƙyalli da zane-zane ne ta kama, to ga jeren kwalla da tangaran da kabad ɗin gilashi suna walƙiya a baya, ga fuskar amarya a ƙarƙashin mayafi. Sai a sami hoton kwanuka mai kyan gaske, amarya kuwa ba a gane ta.

Akwai kuma na huɗu wanda ba ciwo ba ne, datti ne. In hoto ya yi hazo-hazo kamar safiyar hunturu, fitilu kuma suka yi dogayen wutsiyoyi, to ido ya sha maiƙon yatsa ko ƙura. Wayar da ta kwana a aljihu ɗaya da goro da makulli, ko aka riƙe ta da hannun da ya ci ƙosai, ba abin mamaki ba ne. A hure ƙurar tukuna, domin ƙurar hunturu tana da yashi mai karce gilashi, sa'an nan a goge da tattausan ƙyalle mai tsabta. Kada a goge da gefen riga mai sitati.

Wanda ke son tabbaci, kamarar da kanta tana ajiye shaida. A kowane hoto akwai wurin bayani, inda ake ganin rana da lokacin da aka ɗauka. A nan za a ga wata lamba kamar 1/8 ko 1/15 ko 1/250. Ita ce tsawon lokacin da ƙyauren ya yi a buɗe. In lambar ƙasa ba ta kai 30 ba, kamar 1/8 ko 1/15, ba sai an je wurin mai gyara ba, an riga an kama ɓarawon.

Magani na farko: a ƙaro haske

Tunda yunwar haske ce, maganin da ya fi kowanne, kuma ba ya cin ko sefa ɗaya, shi ne a kai mutum inda haske yake. A ɗage labule, a buɗe taga da ƙofa. A zaunar da wanda za a ɗauka kusa da bakin ƙofa, fuskarsa na kallon haske ko hasken na zuwa masa ta gefe. Mai ɗauka ya tsaya ta wajen ƙofar, amma ya kauce kada ya tare hasken da jikinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ajiye mutum ƙofa na bayansa, sai kamara ta auna hasken waje, fuska ta fito baƙi ƙirin. In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, a sa yaro ya riƙe farin zane ko farar takarda babba a wannan gefen, hasken zai dawo ya cike.

In da hali, a fito baranda ko ƙarƙashin rumfa. Da hantsi da kuma bayan la'asar haske ya fi taushi. Tsakar rana tana sa mutane runtse ido, hula kuma ta jefa inuwa a fuska. Kada a raina wannan dabara. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948, a tsakar gidansa ya ɗauki akasarin hotunansa da hasken rana, da zane a rataye a baya, ga shi yau ana baje su a manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka.

Ranar suna, maimakon a cusa kai ɗakin mai jego ana ta danne-danne cikin duhu, a nemi izini, a bari wata daga cikin matan gida ta ɗauka, a kusa da ƙofa, bayan rana ta ɗan ɗaga. Bukukuwan dare kuwa, irin su lalle da buɗar kai, sai an yi musu tanadi. Mafi yawan wutar da muke sha a arewa daga madatsar Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982, kuma a shekarun da ruwa ya ja baya, kamar 2021, kowa ya ga yadda aka yi ta ɗauke wuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. A cika fitilun caji biyu ko uku tun da rana. In dare ya yi, kada a haska su kai tsaye cikin idon mutane. A ajiye ɗaya dama ɗaya hagu, sama da kai kaɗan, ko a juya su ga farin bango ko silin, hasken ya bazu ya sauko a hankali.

Magani na biyu: a tsai da na'ura

Mai hoto ya riƙe da hannu biyu, ya manne gwiwoyin hannunsa a haƙarƙari, ya ware ƙafafu kaɗan. Miƙa hannu ɗaya gaba kamar mai ba da sadaka shi ne uban rawar hannu. In akwai bango ko dokin ƙofa, a jingina. A saki numfashi, sa'an nan a danna a hankali, ba a soka maɓalli kamar ana kashe kunama ba.

Masu sana'ar suna da wani abu mai ƙafa uku da suke ɗora kamara. Wanda ba shi da shi, ya kife turmi, ko ya jawo tebur, ya ɗora ƙullin gero ko shinkafa, ya danna kamarar ko wayar a ciki har ta zauna daram. Daga nan a nemi alamar nan mai kama da agogo, a sa ta a sakan 2. Ka danna, ka ɗauke hannunka, ita ta ɗauka da kanta ba mai girgiza ta. Kamarori da yawa kuma suna da na'urar rage girgiza a ciki. Canon na rubuta IS, Nikon na rubuta VR, Sony na rubuta SteadyShot. A tabbata a kunne take. Sai dai a sani, ita rawar hannu kaɗai take magancewa, ba ta da iko a kan jaririn da ke wutsil-wutsil.

A guji zuƙowa a cikin ɗaki. A ƙananan kamarori, da ka zuƙo abu sai ƙofar haske ta tsuke. A gaban gilashin za ka ga an rubuta lambobi kamar 2.8 zuwa 5.6. Ta farko ita ce faɗin ƙofar in ba a zuƙo ba, ta biyu in an zuƙo har ƙarshe, kuma 5.6 rubu'in hasken 2.8 kawai take shigarwa. Daɗin daɗawa, zuƙowa tana faɗaɗa rawar hannu kamar yadda take faɗaɗa fuska. A waya kuwa, ja da yatsu biyu galibi yanke hoto ne kawai a buɗa shi. Ka taka da ƙafarka ka matsa kusa, ya fi.

Magani na uku: a gajarta jira, a saita fuska

Akwai wata lamba da ake kira ISO, ita ce ke nuna yadda kamara ke ƙarfafa ɗan hasken da ta samu. Duk lokacin da ka ninka ta, lokacin jira ya ragu da rabi. In a ISO 200 kamara na ɗauka a 1/15, to a 400 za ta ɗauka a 1/30, a 800 ta kai 1/60, a 1600 ta kai 1/125. Farashin da ake biya shi ne hoton yakan yi tsaki-tsaki, kamar an watsa masa garin gero. Wasu saboda tsoron wannan sukan kulle ISO a 100, su shiga ɗaki da ita a haka. Mu dai shawararmu, gara hoto mai tsaki da ake gane mai shi da hoto mai santsi wanda fuska ta narke.

Wanda kamararsa ke da ɗan faifan juyawa a sama, ya kai shi kan harafin S, ko Tv in Canon ce, ya zaɓi lokacin da kansa. Dattawan da ke zaune shiru a zaure wurin ɗaurin aure, 1/60 ya isa. Masu hira da gaisawa, 1/125. Yara da masu rawa, 1/250 ko fiye. Dawakin hawan salla kuwa sai 1/500 zuwa sama, amma su a rana suke, ba su da matsala. In aka ga wasu ratsi-ratsi masu duhu sun gitta hoto a ƙarƙashin dogon ƙwai ko ƙwan LED mai araha, wutar ce ke ƙiftawa. Wutarmu ta Kamaru mai zagaye 50 ce a sakan, ƙwan yakan ƙifta sau 100, ido ba ya gani amma kamara na gani. A koma 1/50 ko 1/100, ratsin zai tafi.

Game da saiti, maɓallin kamara hawa biyu gare shi. A danna rabi, a jira ta yi ɗan ƙara ko ta nuna koren akwati a kan fuskar mutum, sa'an nan a ƙarasa dannawa. A waya kuma, a taɓa fuskar mutumin a kan gilashi kafin a ɗauka. Wannan taɓawar tana da amfani biyu, domin bayan saiti tana sa wayar ta auna haske a kan fuska. In ba haka ba, farar babbar riga ta shadda mai sheƙi sai ta ruɗe ta, rigar ta fito, mai rigar ya nutse. Kada kuma a matsa kusa ainun. Kowace kamara tana da iyakar kusancin da take iya saitawa. Mai son ɗaukar zanen lalle a hannu ya nemi alamar fure.

Wayoyin da aka yi daga wajen 2018 zuwa yau, har da Tecno da Infinix da Samsung da suka cika kasuwarmu, da yawansu suna da tsarin dare, mai alamar jinjirin wata. Wayar takan ɗauki hotuna da dama cikin 'yan sakanni ta haɗe su wuri ɗaya. Yana da kyau ƙwarai ga ɗaki, ko cikin babban masallacinmu na Poumpoumré in ba kowa, ko mutanen da aka ce su tsaya cik. Amma a riƙe wayar har ta gama ƙirga. Kuma ko da wace na'ura ce, a ɗauki uku ko biyar a jere, da wuya a rasa mai kyau ɗaya a ciki. Ba fim ake ƙonawa ba.

Maganar filash

Walƙiyar nan ta kamara da masu hoto ke kira filash tana da amfani, domin haskenta gajere ne ƙwarai, wajen kashi ɗaya bisa 1000 na sakan, saboda haka takan daskarar da motsi. Da ita Malick Sidibé, shi ma na Bamako, ya kama samari da 'yan mata suna tsakiyar rawa da dare a shekarun 1960. Amma tana da iyaka. Ta ƙaramar kamara ba ta wuce mita 3 zuwa 4. Haske kuma yana raguwa da sauri fiye da yadda ake zato: wanda ke mita 4 rubu'in abin da na mita 2 ya samu yake samu, na mita 6 kuwa kashi ɗaya bisa tara. Shi ya sa a hoton taro sahun gaba ke fari fat, na baya su nutse cikin duhu. A jera mutane sahu ɗaya ko biyu, nisansu da kamara ya zo ɗaya. Kada a harba ta tsaye a kan madubi ko kabad ɗin gilashi, a ɗan karkace. Da hunturu kuma, ko bayan an yi shara, ƙurar da ke yawo a iska takan fito kamar fararen ƙwallaye. Ba aljanu ba ne, a bari ƙura ta kwanta. Ta waya kuwa 'yar tocila ce kawai, ba ta daskarar da motsi, kuma ba ta da tasiri in an wuce mita biyu. A kuma tausaya wa jarirai da tsofaffi, kada a watsa musu ita a ido daga kusa.

Hoton takardu

Mu malamai muna yawan ganin wannan. Uba na Garwa, ɗa na karatu a Ngaundere ko Marwa, ana neman takardar haihuwa ko ta sakamakon jarrabawa da gaggawa, a ɗauka da dare a kan katifa a tura, ta isa ba a iya bambanta 3 da 8. Kuskuren lamba ɗaya a ranar haihuwa kuwa yana iya bin yaro shekara da shekaru. A shimfiɗa takardar a kan abu mai tauri a bakin ƙofa da rana, a danne kusurwoyinta, a riƙe waya daidai samanta kamar kamu ɗaya da rabi, ba a karkace ba. A kashe filash, musamman in an lulluɓe takardar da roba. A taɓa rubutun, a ɗauka, sa'an nan a faɗaɗa a karanta lamba mafi ƙanƙanta kafin a tura.

Wani lokaci ma hoton lafiya ya fito, a hanya ya rame. WhatsApp yakan matse hoto don ya rage cin data, in kuma aka ɗauki hoton gilashi aka sake turawa, a nan ƙyan ke zubewa. Tun 2023 akwai alamar HD da ake dannawa kafin turawa. Wanda ya fi wannan shi ne a tura shi a matsayin takarda, zai isa yadda yake. Mai niyyar kai hoto a wanke ya bi wannan hanya.

Yaushe za a je wurin mai gyara?

Sai an gwada akan san na ƙwarai. A manna shafin wannan jarida a bango a waje, cikin inuwa da rana. A goge ido, a cire rigar waya in tana da roba a kan idon, a ɗora na'urar a kan tebur mita ɗaya daga bangon, a ɗauka da agogon sakan 2. In rubutu ya fito sarai, na'urarka lafiya lau, ka riƙe kuɗinka. In kuwa duk da haka bai fito ba, ko gefe ɗaya ya fito ɗaya ya ƙi, ko ana jin ido na gurnani yana kai da komowa bai tsaya ba, to ta sha faɗuwa ko ƙura ta shige ta, sai a kai ta gyara. Kada kuma mai shago ya ruɗe ka da yawan megafiksel. Miliyan 50 da aka girgiza ba su kai miliyan 8 da suka tsaya cik ba.

Wasu sun tambaya ko hoton da ya riga ya lalace yana gyaruwa. In kaɗan ne, akan ɗan rage. Amma a yi hattara da manhajojin nan da ke cewa suna mai da tsohon hoto sabo. Abin da haske bai rubuta ba, ba su da inda za su samo shi, sai su ƙirƙira daga fuskokin wasu mutane. Za a ba ka tsohuwa kyakkyawa mai ido sarai, amma ka duba da kyau ka ga an sauya mata hanci, an goge mata tsagar gado. In za a gwada, a ajiye na asalin, kada a share shi.

Hoton gida ba ƙaramin abu ba ne. Joseph Chila, wanda ya yi sana'ar hoto a Mayo Darle cikin Adamawa, da abokin sana'arsa Samuel Finlak, talakawan ƙauye suka yi ta ɗauka, masu neman katin shaida da masu biki, amma a 2005 sai ga hotunansu an baje a babban gidan hotunan mutane na birnin Landan. Mu ma abin da muke ɗauka yau a zaurukanmu shi ne jikokinmu za su duba su san irin rigunanmu, da ɗaurin ɗankwalin iyayensu mata, da fuskokin dattawan da suka kafa mana unguwa. Saboda haka duk gidan da ke da tsoho ko tsohuwa, kada a jira sai ranar biki. Wannan Juma'ar, bayan la'asar, a shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, a roƙe su su zauna, a goge idon waya, a ɗauka sau biyar. Wanda ya fi kyau a kai a wanke shi a takarda, a rubuta suna da shekara a baya, domin waya tana ɓata, kati yana lalacewa.

Nan za mu dakata. Mai wata tambaya ya aiko ta ofishin jarida kamar yadda aka saba. Allah Ya ja kwanan iyayenmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalam.